Lacca a Kan Ruwan Kayan Lambu da Haƙƙin Iyali a Kan Manomi

     

Abin da aka ɗora mini in yi bayani a kansa yau shi ne yadda mutum zai matse ruwan ɗanyen kayan lambu a gidansa, ya sha da shi da iyalinsa, domin kyautata lafiya. Na kuwa sani a cikin wannan majalisi ba za a rasa wanda zai ce a ransa, me ya haɗa dattawa masu furfura da zancen karas da tumatir, alhali ga matsalar taki da ta iri da tsadar man injin ban-ruwa suna jiran a tattauna su. Amsar da zan ba mai wannan tunani ita ce, malaman usulu, sa'ad da suka ƙididdige larurorin nan biyar waɗanda shari'a ta zo domin kiyaye su, sun sanya kiyaye rai dab da kiyaye addini, gabanin hankali da nasaba da dukiya. Rai kuwa ba ya zama sai a cikin jiki, jiki kuma ba ya tsayuwa sai da abin da aka ba shi. Saboda haka ne Malam Abdullahi na Gwandu, duk da nauyin hukunci da tafsiri da ke kansa, bai ga ƙasƙanci ba wajen wallafa littafi a kan maslahohin ɗan Adam waɗanda suka shafi addini da jiki, haka kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya bar mana rubuce-rubuce da dama a fannin ɗibbu. Abin da waɗannan bayin Allah suka ɗauki alƙalami dominsa, bai kamata mu ji nauyin zama dominsa ba.

Bari mu fara da ƙasar da muke zaune a kanta. Wannan karkara da ta kewaye birnin Kano, daga Ungogo da Dawakin Tofa da Minjibir har ta doshi Bichi da Dambatta, masana sun daɗe suna mamakinta, domin wuri ne da gona ke manne da gona, ba daji ba saura, ana noma fili ɗaya shekara da shekaru ba a bar shi ya huta ba, amma bai gaza ba. Bature matafiyin nan Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, da ya iso Kano a 1851, ya lissafa ƙasarta cikin mafiya albarkar ƙasashen duniya. Michael Mortimore kuma, wanda ya soma nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna cewa asirin abin yana cikin takin da ake kwasowa daga turke da juji, har da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni a mangala, da kuma itatuwan da kakanninmu suka ƙi sarewa a tsakiyar gona, irin su kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo. A wancan zamani mai lambu da jigo yake ban-ruwa, guga bayan guga, komi bayan komi, sai 'yar albasa da barkono da taba. Daga baya aka gina madatsun ruwa, bisa shirin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako, aka sami Watari a ƙasar Bagwai, da Tomas wajen Dambatta, da Jakara a ƙasar Minjibir, injin ban-ruwa ya maye gurbin jigo, har rani, wanda a da lokacin cin-rani da saƙar zana ne, ya koma kaka ta biyu.

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa ɗaya daga cikin waɗannan fadamu a watan Janairu ko Fabrairu ya ga abin da zan faɗa da idonsa. Hazo bai gama washewa ba, samari sun naɗe ƙafar wando suna wanke karas a bakin ruwa, hannuwansu sun yi sanyi ƙalau. An jera kwandunan tumatir a gefen hanya, an ɗora manya-manyan a sama domin idon mai saye. Dillali na zagayawa yana ɗaga wannan yana ƙwanƙwasa wancan. Kafin hantsi mota ta cika ta nufi 'Yankaba, ko kuwa ta kama hanyar Ikko. Mai lambu ya ƙirga kuɗinsa, ya tattara abin da aka ƙi saye, wanda ya fashe da wanda tsutsa ta huda, shi ne rabon gida. A kan hanyarsa ta komawa, saboda ƙaunar 'ya'yansa, sai ya tsaya a shago ya saya musu lemon kwalba, ko garin lemo na leda wanda ake kaɗawa a ruwa. Ga shi kuwa tukunyar gidansa, tun daga kaka har faɗuwar damina, ba ta san wata miya ba sai kuka da busasshiyar kuɓewa. Wannan lamari shi ne ya fi damuna a cikin maganar baki ɗaya: mutum ya noma lafiya da guminsa ya aika wa mutanen birni, shi kuma ya sayo sukari da launi ya kai wa iyalinsa.

Kada wani ya fahimci cewa raina miyar kuka nake yi, domin kuka ta riƙe al'ummar nan a shekarun da ba abin da ya riƙe ta, tana kuma ɗauke da sinadaran da ke gina ƙashi da jini, waɗanda shanya ba ta taɓa su. Sai dai akwai wani sinadari, wanda likitoci ke kira bitamin C, da Allah ya halitta shi mai rauni ƙwarai: zafin wuta na lalata shi, iska na cinye shi, shanya a rana na kashe mafi yawansa, kanwar da muke jefawa a miya don ganye ya yi laushi kuma tana gamawa da sauran da ya rage. Tarihinsa abin lura ne. A zamanin da jiragen ruwa ke yin watanni a teku ba ɗanyen abinci, matuƙa sun riƙa mutuwa da wata cuta mai kumbura dasashi, mai zubar da haƙora, mai hana miki warkewa, har a 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila, James Lind, ya ware majinyata 12, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani dabam, sai waɗanda aka ba lemon zaƙi da lemon tsami suka miƙe cikin 'yan kwanaki. Ba a gano ainihin sinadarin ba sai wajen 1930. Jikin ɗan Adam ba ya ƙera shi, ba ya kuma ajiye shi da yawa. A nan jiki ya yi kama da gonakin nan namu marasa hutu, waɗanda takin bara ba ya isar su bana. Daga cikin ayyukansa akwai wanda ya shafi iyayenmu mata musamman, wato taimakon hanji wajen tsotse sinadarin ƙarfe da ke cikin gero da wake da ganye, wanda da shi ake yin jini; shayi kuwa, idan an sha shi a kan abinci, hana wannan tsotsa yake yi. Mace mai ciki wadda tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari, tana haki in ta ɗauki tulu, ga asibiti ya wajaba a kai ta, amma kofin ruwan tumatir da lemon tsami a gefen tuwonta taimako ne na haƙiƙa. Abin da zai ba ku mamaki kuma shi ne, jan tattasan da muke gani kayan miya ne kawai ya ninka lemon zaƙi a wannan sinadari, goba kuwa ta fi su duka biyun.

Sinadari na biyu shi ne bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, ciwon nan da ke sa yaro ya kasa gani da zarar magariba ta yi, yana tuntuɓe da turmi a tsakar gida, wanda in ya yi tsanani yakan kai ga makanta, yakan kuma sa ƙyanda da gudawa su fi yi wa yaro illa. Dalilin ke nan da ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 wannan sinadari a baki sau biyu a shekara, ina kuma roƙonku kada ku ɓoye musu 'ya'yanku. Karas da kabewa da zogale da alayyafo da mangwaro suna cike da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Amma shi hukuncinsa ya saɓa wa na ɗan'uwansa, domin wuta ba ta cika yi masa lahani ba, sai dai ba ya shiga jini sosai in ba tare da maiƙo ba. Wanda ya sha ruwan karas zalla da sassafe, cikinsa ba komai, ya sami kaɗan daga abin da ya nema. Wanda ya bi shi da 'yar gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli, ko ya sha shi a kan abinci mai man gyaɗa ko manja, shi ne ya ci ribar. Kun ga ke nan kakanninmu mata da suka ƙago kwaɗon zogale da rama, suka haɗa ganye da ƙuli-ƙuli da mai da ɗanyen tumatir da albasa a ƙwarya guda, sun riga likitoci isa wurin da hikimar da Allah ya ba su.

Wannan ya kawo ni ga wata gaskiya da amana ta wajabta mini faɗa, ko da za ta rage wa batun laccata kwarjini: matse kayan lambu bai fi tauna su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wasiyya da babban mutum ya ci abin da bai gaza giram 400 na kayan lambu da na marmari ba a kowace rana, ci kuwa take nufi. Hukumomin lafiya na Ingila ma ba sa ƙirga ruwan da aka matse fiye da ƙaramin kofi ɗaya a yini, wato mililita 150, komai yawan abin da mutum ya sha. Dalili shi ne dusar nan da ke saura a rariya, wadda ake zubar wa kaji, ita ce ke sauƙaƙa bayan-gida, ta hana zaƙi afka wa jini gaba ɗaya, ta kuma riƙe ciki. To, in haka ne, me ya sa muke zancen matsewa? Saboda a kowane gida a cikinmu akwai waɗanda tauna ta gagara: tsoho wanda haƙoransa suka zube, da majinyaci wanda zazzaɓi ya ɗauke masa sha'awar abinci, da mai jego, da yaro wanda zai gudu in an miƙa masa ganye amma zai shanye kofi in ya ga launi, da mai azumi wanda maƙogwaronsa ya bushe a bazara. Domin waɗannan, da kuma domin a kori lemon kwalba daga tsakar gida, ruwan kayan lambu ni'ima ne. Amma ni'ima ce mai sharuɗɗa, wanda kuwa ya tozarta sharuɗɗan, gara a ce bai fara ba.

Sharaɗi na farko, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne tsabta, a nan kuma ina neman malamaina su saurare ni da kyau, Allah ya gafarta muku. Mun karanta a littattafanmu na fiƙihu cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su jirkita ba, mai tsarki ne mai tsarkakewa, ana alwala da shi ana wanka. Wannan hukunci ne na ibada, yana nan daram. Sai dai hukuncin lafiya dabam ne, domin ruwa na iya zama garau kamar idon zakara ga mai kallo, ya halatta ga alwala, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin kwalara ko na taifot waɗanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Miya tana tafasa, wuta ta kashe abin da ke cikinta; ruwan ɗanyen lambu kuwa bai ga wuta ba, duk abin da ke jikin karas da hannun mai matsa da ƙyallen tata, cikin yaro za shi. A 2021 annobar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Kano kuwa na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna, akwai kuma a cikinku waɗanda suka yi jana'iza a waccan damina. Ga kuma takin da muke alfahari da shi, wanda albarka ne ga gona amma guba ne ga hanji in ya biyo jikin saiwa. Mutanenmu da ke noma a bakin Jakara suna da ƙarin larura, domin wannan rafi ta cikin birni ya ratso, yana ɗauke da ruwan kwatami da abin da masana'antun Bompai ke zubarwa, masana kuma sun auna sun sami ƙarafa masu cutarwa a ruwan da ƙasar wurin, irin waɗanda wanki ba ya fitarwa in sun shiga jikin shuka. Ganyen da aka shayar da irin wannan ruwa bai dace a matse shi ɗanye a ba yaro ba. Haka nan maganin ƙwarin da ake fesa wa tumatir: a jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, wanda kuwa ya fesa yau ya tsinka gobe ya cuci mai saye, ya cuci iyalinsa, Allah kuma zai tambaye shi.

Saboda haka ga yadda uwargida za ta yi. Ta fara wanke hannuwanta da sabulu har wuyan hannu. Ta zaɓi lafiyayyun kaya, ba fasassu ba, domin fasasshen tumatir na tukunya ne, ba na kofi ba. Ta wanke su ɗaya-ɗaya tana cuɗawa, tana zuba ruwa a kansu yana gangarewa, maimakon ta tsoma su duka a roba guda. Ta jiƙa su ɗan lokaci a ruwan gishiri ko ruwan kal, ta ɗauraye, sa'an nan ta kankare bayan karas, ta fere kokwamba ko gurji. Ruwan da za a ƙara a cikin abin sha kuwa lalle ya zama wanda aka tafasa ya huce a rufe, ko wanda aka sa wa maganin tsabtace ruwa. Alif da dakakken ƙwallon zogale suna kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma ba su wadatar ba wajen kashe ƙwayar cuta.

Ba a bukatar na'urar markaɗe ta lantarki, wadda ko an saya, wutar da za ta juya ta sai an yi sa'a. Magogin nan na gwangwani mai huje-huje da ake goga kuɓewa da shi ya isa, da ƙaramin turmi wanda ba a daka barkono a ciki ba, da rariya ko farin ƙyalle da aka keɓe wa wannan aiki, ana wanke shi da ruwan zafi ana shanya shi a igiya. A goga karas matsakaita uku ko huɗu a gefen magogi mai ƙananan huji, har su zama lallausa suna tsattsafar da ruwa. A goga ɗanyar citta kamar girman kan yatsa. A zuba rabin kofi na dafaffen ruwa, a dama, a juye a ƙyalle, a tattara bakinsa a murɗa da ƙarfi, za a ga ruwan na tsiyaya ta tsakanin yatsu, launinsa kamar na manja. Daga ƙarshe a matsa rabin lemon tsami. Tumatir nunannu kuwa ba su bukatar tata ko kaɗan: a goga su har fatar ta rage a hannu, a haɗa da gogaggen kokwamba da ɗan jan tattasai da aka cire wa 'ya'ya aka daka, a sha da kaurinsa, wannan ma shi na fi so a yi, domin ba a yi asarar komai ba. Ɗanyen zogale yana da kaifi da ɗaci, ɗan abin da yatsu uku suka ɗauka ya isa kofi, ganyen kaɗai, ban da saiwa da ɓawo, musamman ga mai ciki. Dusar karas da ta rage kada a zubar: a juye ta a miya, ko a cikin ƙullun ƙosai da alala, ko a kwaɗo, domin zubar da ita almubazzaranci ne.

Sharaɗi na biyu, a bar sukari. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen giram 35, kimanin ƙaramin cokali 8 zuwa 9, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa babban mutum a yini duka ba ta wuce kimanin giram 50 ba. Wanda ya matse karas ya antaya masa sukari ludayi guda ya koma inda ya baro. In harshe ya nemi zaƙi, ga kankana, ga dabino ɗaya ko biyu a jiƙa a dama. Wannan magana ta haɗa da zoɓonmu, wanda 'yan kasuwa ke tarawa a Dawanau ana fitar da shi har ƙasar Meziko, wanda bincike ya nuna yana ɗan sassauta hawan jini, amma mu mun mayar da shi ruwan sukari da kayan ƙamshi na kwalba. Ba ku manta ba kuma da abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti suna amai da fitsarin jini, wasu suka riga mu gidan gaskiya, saboda garin lemo da ɗan-tsami na jabu da aka sayar musu. Ga tsamiya a gona, ga lemon tsami a kasuwa, ga garin 'ya'yan kuka mai tsami wanda shi ma yake cike da bitamin C. Ban ga hujjar da za ta sa mai hankali ya sayi farin gari wanda bai san asalinsa ba ya kaɗa wa 'ya'yansa.

Sharaɗi na uku, a sha nan take. Ya tabbata a hadisi cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, dabino ko zabibi a ruwa ya sha, amma ba ya barin jiƙon ya wuce kwana uku, don gudun kada ya jirkita. Ya kuma yi umurni da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka da dare. Ruwan kayan lambu ya fi jiƙon dabino saurin lalacewa nesa ba kusa ba, domin a zafin bazararmu, da yakan kai awo 40, ƙwayar cuta guda na iya zama biyu cikin minti 20, bitamin C kuma yana raguwa tun daga lokacin da wuƙa ta taɓa tumatir. A matsa gwargwadon abin da za a shanye, kada ya wuce awa biyu a ajiye, kada kuma ya kwana. Abin da ya kamata a adana shi ne kayan lambun da kansu, ba a yanka ba. Don haka ne wani malami daga Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sanya ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, wadda ta sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Maginan tukwanenmu za su iya yin irinta ba tare da wahala ba, tumatir da tattasai kuma su yi kwanaki a ciki ba su yanƙwane ba.

Saura in yi gargaɗi a kan wuce iyaka. A zamanin nan ba a rasa mai lasifika a kasuwa, ko mai magana a cikin waya, yana rantsuwa cewa ruwan ganye kaza yana warkar da ciwon sukari da hawan jini da daji, yana wanke ƙoda da hanta. Wannan ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kisa, domin akwai waɗanda suka ajiye maganin asibiti saboda ita, ba a ankara ba sai shanyewar ɓarin jiki. Ruwan kayan lambu abinci ne. Mai ciwon ƙoda kada ya kusance shi sai da izinin likita, domin tumatir da ganye suna da wani sinadari wanda ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa, in ya taru kuwa yakan taɓa bugun zuciya. Wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ya nisanci ɗanyen alayyafo. Mai shan maganin tsinka jini ya tambaya kafin ya yawaita koren ganye. Mai ciwon sukari ya fi kyau ya tauna, in kuwa zai sha, to na tumatir da kokwamba, ba na kankana da dabino ba. Jariri har wata 6 nono kaɗai, ko ruwa ba a ba shi, kafin ya cika shekara kuma a dafa masa karas da kabewa a murƙushe, ba a ba shi ɗanyen ruwan lambu ba, ba a kuma sa masa zuma ba. Yaron da ke gudawa, ruwan gishiri da sukari na asibiti yake bukata. In kuma kun ga tafin hannun mai yawan shan karas ya yi ɗorawa-ɗorawa alhali farin idonsa na nan fari, ba shawara ba ce, ya rage sha zai washe. In idon ne ya canza, a garzaya asibiti.

Magana ta ƙarshe taku ce, 'yan'uwana magidanta, domin duk abin da na lissafa wa uwargida ba zai yiwu ba in ba ku kawo mata ba, ciyarwa kuwa a wuyanku shari'a ta rataya ta. Mai lambu ya keɓe komi ɗaya ko biyu a gefen da ruwa ya fi tsabta, ya ce wannan na gida ne, ba a fesa masa magani dab da tsinka, dillali kuma ba ya taɓa shi. In ya tsinki na kasuwa, ya fara cika ƙwaryar gida daga saman kwando kafin mota ta zo. Wanda ba shi da fadama, ba zai rasa taku uku a bayan ɗaki ba inda zai dasa zogale, ya shuka yakuwa da tumatir, ya kewaye da kara saboda awaki, ruwan alwala da na ɗaurayar hatsi ya ishe su. Idan an matsa kuma, a fara miƙa wa mai ciki da mai shayarwa da tsofaffi da yara, maigida ya jira sauran. Ina roƙon dagatai da masu unguwanni su sa ido a kan masu sayar da garin lemon da ba a san asalinsa ba a kasuwanninmu na ƙauye, limamai kuma su taɓo zancen feshi da tsinka a cikin wa'azinsu kafin noman rani mai zuwa ya kankama. A nan zan dakata, in akwai mai tambaya ina saurare.